Rediyon da Ke Cikin Hoton Wana

Karatuna aji uku ne da rabi. Rabin shi ne zangon da mahaifinmu ya zo har bakin aji ya roƙi malami ya ba shi aron ɗansa na kwana biyu a cire gyaɗa, kuma har Allah ya karɓi ransa bai mayar da ni ba. Da wannan ilimi mai zurfi na yi shekara talatin ina masinja a ofishin gona na Gwarzo, ina kai takardun manya daga wannan tebur zuwa wancan. Takardun da suka bi ta hannuna jaki goma ba za su ɗauke su ba, amma ko ɗaya ban taɓa rubutawa ba. Saboda haka da aka ce wata malama ta buɗe zaman masu son rubutu a wani aji na firamaren unguwarmu, duk Asabar da hantsi, sai na ga bai kamata a yi irin wannan taro babu gwani a ciki ba.

Gaskiyar magana kuwa jikata ce ta ja ni. Ba daga 'ya'yana ta fito ba, jikar wana ce, wanda ya rasu tun mahaifinta yana ɗan shekara uku. A Kabo suke zaune, amma aikin jinya take yi a nan Gwarzo, in ta tashi sai ta biyo ta zaurena ta tsokane ni ta wuce. Rannan ta ce, "Tsoho, kai da bakinka ba ya hutu ko ranar Juma'a, zo ka zuba surutun a takarda ko kunnuwanmu sa samu lafiya."

Na ce, "Yarinya, ki yi min magana da ladabi. Ba don ɗan malamin makarantar nan ya riga ni ba, da yanzu kina dama min fura."

"Allah ya kiyaye in auri mai haƙori huɗu."

"Biyar ne. Ki koma makaranta."

Mu goma sha biyu ne a ajin. Akwai samari da 'yan mata masu karatu, akwai wani tela mai tsoron Allah, akwai kuma wani tsohon direban babbar mota, Bazazzagi, kun dai san abin da ke tsakaninmu Kanawa da su: ba ya buɗe baki in ƙyale shi, ni ma ba ya ƙyale ni. Tsarin Malama shi ne ta miƙa hoto, ta ce a kalle shi da kyau, sannan kowa ya rubuta labarin da hoton ya kawo masa a rai. A wani taro a Kano ta koyo abin, ta ce can mutane har hawaye suke yi.

A Gwarzo ba a yi hawaye ba. Hoton farko na wani mutum ne a cikin kwalekwale, daga tsohuwar kalanda ta yanko shi. Tela ya juya shi gaba da baya ya ce, "Malama, ɗan wane gari ne?"

"Ba a sani ba, Malam. Kai za ka ƙirƙira masa suna da gari da abin da ya same shi."

"In ƙaga wa bawan Allah magana, bai ji ba bai gani ba? Ranar lahira in ya tare ni in ce masa me?"

Direba ya karɓa ya kai shi kusa da hanci ya ce, "Ai na san shi. Na taɓa ɗauko shi daga Yawuri, shi ne ya yi min amai a gaban mota."

Na ce, "Duk wanda ya shiga motarka ai dole ya yi amai, ko da azumi yake."

Haka lokaci ya ƙare ana binciken asalin mai kwalekwale, babu wanda ya rubuta ko bisimilla. Malama mace ce mai haƙuri, amma ba ta ja da baya. Ta ce tunda ba ma iya taɓa baƙo, to mako mai zuwa kowa ya zo da hoton wani nasa daga gida, a yi musaya. Wanda aka yi wa danginsa ƙarya yana nan zaune, sai ya gyara.

Ranar ce jikata ta zo da hoton wana.

Rabona da ganin hoton nan ya fi shekara arba'in, domin da uwar ɗansa ta sake aure a Kabo da shi ta tafi a cikin adakarta. Ga shi ya yi ja-ja don tsufa. Wana yana zaune a kujera mai hannu, sanye da babbar riga mai aiki har ciki, da tabarau, da agogo. Hannunsa na hagu yana dafe da gwiwa. Kusa da shi ƙaramin tebur, a kai ƙaton rediyo da eriyarsa a miƙe. A bayansa bene mai hawa uku, jirgin sama yana wucewa ta kansa.

Hoton ya faɗa hannun tela. Ganin wanda ke cikin hoton ya riga mu gidan gaskiya kuma abin alheri zai faɗa, sai ya saki jiki. Ya rubuta cewa wannan attajiri ne mai fataucin goro, shi ya fara kawo rediyo yankin nan, kullum da yamma ƙofar gidansa cike take da masu jin labaru. Ya miƙe ya karanta mana. Ni kuwa na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Na ce, "Attajiri? Wannan? Mai haƙar rijiya ne fa! Rigar ta mai hoton kasuwar Kabo ce, agogon nasa ne, benen zane ne a jikin labule. Rediyon ma akwati ne kawai, babu komai a cikinsa sai kyankyasai."

Ajin ya kwashe da dariya, kowa ya ɗauka irin zancena ne na kullum. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba.

Da aka tashi jikata ta tare ni a gindin darbejiyar bakin makaranta. Ta ce, "Kaka." Ba ta ce min Kaka sai magana ta yi nauyi. "Ka san aurena saura mako biyar."

"Na sani, ina nan ina tara hawayen rabuwa a kwalba."

"Ka san wa zai yi waliccin?"

"Wa kuwa? Ga ni tsaye a gabanki."

"Baba ya riga ya gaya wa kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa. Shi zai yi."

A wurinmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa matuƙar akwai babba a dangin ubansa. Babban nan kuwa ni ne, babu wani, duk sun tafi sun bar ni. In aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya tambayi waliyyi, wani daga dangin uwa ya amsa alhali ina zaune da raina da hankalina, to an yi shela ke nan a gaban Kabo da Gwarzo cewa an cire ni daga gidan. Ba wanda zai ce komai. Kowa zai kalle ni sau ɗaya ya kau da kai, shi ke nan.

Na ce, "Me na yi masa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce yana ɗan shekara tara ya tambaye ka ina rediyon babansa da agogon da rigar. Ka ce rediyon ka sayar ka yi aure, agogon ka yi musayarsa da jaki, rigar kuma ka yanka ka yi wa jakin akumari. Ya ce wanda ya cinye kayan maraya har yana dariya ba zai ba da auren 'yarsa ba."

Na tuna. Ranar Salla ce, an kawo shi gaisuwa, zaure cike da mutane. Na faɗi maganar, aka yi ta dariya, ni ma na ji daɗin kaina, domin zancen akumarin ya zauna daidai. Uwarsa ce ta riƙa gaya masa ubansa mai hali ne, don ya samu abin riƙewa a gidan da ba na ubansa ba, kuma har ta rasu ba ta warware ba. Shi kuwa shekara arba'in yana zuwa duk Salla, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata da gonata, ya tashi. Ni ina cewa yaro ne mai kunya.

A gindin darbejiyar nan na yanke wa kaina hukunci: in dai ina numfashi, ni zan ba da auren yarinyar nan.

Matsalata ita ce na ɓata bakina da wasa. In na ce gobara ta tashi, sai an leƙa an ga hayaƙi kafin a ɗauko guga. Saboda haka na ce shaida zan nema. A zamaninmu mai hoton nan ɗaya ne daga Kabo har Gwarzo, rigarsa ɗaya, agogonsa ɗaya, rediyonsa ɗaya. Duk namijin da ya zauna a kujerarsa da su ya fito. Na kai wa Malama maganar, ba tare da na faɗi dalili ba, sai ta mayar da ita aikin mako: kowa ya bincika gidansu da maƙwabta ya kawo hoton rumfar Kabo.

Asabar ta zagayo, aka jera hotuna biyar a kan benci. Riga ɗaya, mutum biyar. Wani ta yi masa yawa har yana iyo a ciki, wani ta tsaya masa a ƙwauri. Kuma kowannensu ya dafa gwiwar hagu. Wata yarinya ta ce ko yayin zamanin ne? Na ce ba yayi ba ne, dutsen guga ne ya ƙona rigar a daidai wurin, shi ya sa mai hoto ke cewa kowa, "Alhaji, dafa nan, zaman manya ke nan."

Na biyar ɗin kuwa jikar direba ce ta aiko da shi ba da saninsa ba. Ga gogan nan da ƙuruciyarsa, ya dafa gwiwa, ya harari duniya. Shekara nawa yana gaya mana a Ikko ya sayo rediyon nan.

Na ce, "Bazazzagi, ashe kai ma Ikkonka a bayan 'yan tumakin kasuwar Kabo take?"

Ya ce, "Irinsa ne! Kamfani ɗaya ne ya yi su."

"Har da ƙunar gugar kamfanin ne ya yi?"

Biyar ba su ishe ni ba. Na hau acaɓa da wannan ƙugun nawa na tafi Lakwaya, washegari na tafi Jama'a, ina sallama gida-gida ina roƙon tsofaffi su buɗe adaka. Sai an gama gaisuwa, an tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, an sha ruwa, sannan in kawo zancen hoto, mai gida ya kalle ni kamar na zo neman aure. Na samo huɗu. Na biyar wata tsohuwa ce a Jama'a ta fito min da shi a naɗe cikin ɗankwali. Da na ce mata ai rigar ta mai hoto ce, sai ta fizge abinta ta ce, "Rigar Malam ce. Ni na wanke ta da hannuna." Ta shige ciki ta bar ni da ƙwaryar ruwa. Da ni mai hankali ne da na tsaya na yi tunani a kan wannan. Amma ni hotuna nake ƙirgawa.

Ɗan wana taki da iri yake sayarwa a bakin kasuwar Kabo. Ya taso ya tare ni, ya durƙusa, ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo fura. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare ta sake dawowa. Sannan na zaro hotuna tara na jera su a kan buhun taki, na sa na ubansa a tsakiya, na goma.

Na ce, "Duba da kyau. Ga rediyon da ka ce na cinye. In na cinye shi, to mu goma muka ci, har da Bazazzagi."

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye, ya ɗauki wani. Ina jira ya yi dariya, ko ya ce Baffa ka yafe min. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Baffa, tun daga Gwarzo ka taso don ka nuna min ubana ko rigar sawa ba shi da ita?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Abu ɗaya na gada daga gare shi, hoton nan. Yanzu shi ma ka karɓe." Ya tattara taran ya miƙo min da hannu biyu, cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. "Da ka ce ka sayar. Yau ka ce babu. Gobe ban san me za ka ce ba. Kai Baffa ba a san ranar da kake gaskiya ba. Allah ya huci zuciyarka, ga mai taki yana jirana."

Babu wani mai taki. Na sha furar dai, domin ba ita ta yi min laifi ba, na hau mota na dawo. Saura mako uku.

Asabar da aka tashi na tsaya na gaya wa Malama komai. 'Yar cikina ce a shekaru, amma na zauna a bencin yara ita tana tsaye, kamar mai laifin makara. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba, ka sha wahala ka tara hoto tara don ka nuna abin da ba nasa ba ne. To mene ne nasa a ciki?"

Na ce, "Babu. Har hular aro ce."

"Koma ka duba. Kada ka rubuta komai sai ka samu abu uku da mai hoto bai ara masa ba." Ta ba ni sabon littafi mai layi da biro. "Kuma kada ka je ka gaya masa da baki. Bakinka ya san hanyar gudu. Rubuta."

Jikata ta sake ɗauko min hoton daga gidansu. Kullum in na dawo daga masallaci da safe sai in zauna a bakin zaure inda haske yake, in goge tabarauna, in zuba masa ido. Kwana biyu ban ga komai ba sai rediyo. Rana ta uku na gangara ƙasa, na ga ƙafa. Takalmin mai hoto ya yi masa kaɗan, ya take bayansa, dugadugansa sun fito waje, duk faso. Wannan nasa ne. Na hau sama na ga hannun dama, wanda ba a ce ya dafa komai da shi ba, babban yatsan babu farce. Wannan ma nasa ne. Na uku kuwa bakinsa ne. Ya cije leɓe yana danne dariya, kuma na san wanda ke ba shi dariyar, domin ni ne, ina tsaye daga gefen mai hoto ina kwaikwayon zaman nasa.

Daga nan ranar ta dawo min gaba ɗayanta, har da warin maganin wanke hoto.

Samun abin faɗa daban, rubuta shi daban. Ban san biro yana da nauyi haka ba. Layi uku sai yatsuna su ƙage, in ajiye in yarfe hannu. Haruffana wasu sun kwanta, wasu sun tashi tsaye kamar za su yi faɗa. Na yaga shafi ya fi goma. Uwargidana ta ce in dai hura wuta nake so a yi da takarda in faɗa, ba sai na ɓata ta da tawada ba tukuna. Na ce mata marubuci ba ya magana da jama'a in yana aiki. Ta ce to marubuci ya tashi a share wurin.

Asabar na karanta abin da na samu a gaban aji. Shafi biyu ne, kuma an yi dariya sosai, har direba yana buga benci. Na ji daɗi. Malama ba ta yi dariya ba. Ta karɓi littafin ta sa jan biro a wuri huɗu.

Ta ce, "Nan ka zo gab da faɗar abin, sai ka kawo zancen jaki. Nan ma haka. Nan kuma ka gudu ka shiga bayan Bazazzagi. Baba, duk inda maganar ta fara yi maka zafi sai ka jefa mana wasa mu kama, kai ka wuce."

Na ce, "Malama, haka Allah ya yi ni."

"To a wannan shafin kaɗai ka yi yadda bai saba ganinka ba. Kuma ba ka rubuta abin da ka gaya masa yana yaro ba."

"Ai ya sani."

"Ya san ka faɗa. Bai san ka sani ba."

Direba ya matso ya ce a hankali, "Bakano, in ka ga ba za ka iya ba kawo in rubuta maka." Shi da ko sunansa da dangwale yake sawa. Wannan ce ta ƙarasa ni. Na ce ko hannun zai tsinke sai na gama.

Kwana shida na ƙara. Shafi biyun suka koma rabin shafi. Ga abin da ya rage, ban gyara komai ba:

"Wana ba shi da rediyo. Yana da dagi da igiya da kwandon fid da ƙasa. Ranar da aka ɗauki hoton nan kwananka takwas a duniya. Daga rami ya fito muka tafi Kabo a ƙasa. Ya wanke ƙafarsa sau uku a bayan rumfar, jar ƙasar ta ƙi fita. Ni na riƙe masa 'yar shararsa da igiyarsa, ina tsaye inda hoto bai kai ba. Ya ce a ɗauke shi fes, don in ka girma ka ga ba kullum yake cikin laka ba. Dubi babban yatsansa na dama, babu farce. Dutse ne ya cire shi a rijiyar Lakwaya, ya ɗaure da tsumma, bai bar aikin ba sai da ya ga ruwa. Abin da na gaya maka kana shekara tara ƙarya ce. Na yi ta ne don mutanen zaure su yi dariya. Sun yi. Kai ba ka yi ba, na gani, na kau da kai. Ka yafe min."

Saura kwana takwas na koma Kabo wurin ɗan wana. Muka gaisa. Na miƙa masa takardar da hoton ubansa shi kaɗai, na zauna a kan buhu na kama bakina. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan shirun ba. Magana uku masu kyau suka zo min har bakin haƙori, na mayar da su. Ya karanta, a hankali, domin rubutuna sai da lalube. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ɗauki hoton ya fita bakin rumfa inda rana take, ya kai shi kusa da ido, na san yatsan yake nema.

Ya dawo ya ce, "Rijiyar tana nan?"

"Tana nan. Har yau ana sha."

Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo da tsakar rana, ya tada babur ya ce in hau.

Rijiyar tana bayan gari, kusa da wata tsamiya. An yi mata baki da siminti daga baya, amma daga ƙasa marmara ce yadda wana ya bar ta. Mata biyu suna jan ruwa, suka matsa mana. Na nuna masa ramukan da ke jikin bango, hagu da dama, inda mai haƙa ke sa ƙafa in zai sauka. Na ce, "Ka ga tazararsu? Duk wanda ya shiga yasa sai ya yi ƙorafi sun yi nisa. Ubanka dogo ne, da ƙafarsa ya auna." Ya kwanta da ƙirji a bakin rijiyar, mutum mai furfura a gemu, yana leƙawa, har matan suka fara kallon juna. Da ya tashi ya ari guga ya ja da kansa, ya sha, ya wanke fuska, ya miƙo min na sha.

Ya mayar da ni har ƙofar gida. Bai ce komai game da aure ba, ni ma ban tambaya ba. Takardar dai na ga ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Kwana uku shiru. Na ce wa uwargida ta wanke min kaya ko da ba ni zan yi ba, zan je in zauna a sahun gaba a kalle ni da kyau. Rana ta huɗu da hantsi na ji sallama. Ɗan wana ne, tare da kawun nasa, dattijo mai sanda, da ƙullin goro a hannu.

Bayan gaisuwa kawun ya ce, "Malam, ni dama kaya yaron nan ya ɗora min. Tun da ya faɗa nake tunanin inda zan sa idona in an tambayi waliyyi kana zaune. Ga abinka, na kawo maka har gida."

Ɗan wana yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baffa, Juma'a in an sauko, a ƙofar gidana. Sai dai ina roƙon arziki ɗaya."

"Faɗi."

"In an nema, ka ba da kawai."

Ranar Juma'a aka cika ƙofar gidan har bakin titi. Liman ya tambayi waliyyin amarya, na ce ga ni. Wakilin ango ya matso ya nema wa ɗansu aurenta. Angon yana can gefe cikin abokansa, da wasu kunnuwa nasa masha Allah, kuma wallahi magana ta zo min a kansu wadda da na sake ta sai an shekara ana maimaita ta a Kabo. Na ji ta a kan harshena. Na dubi ɗan wana, shi ma ni yake kallo.

Na ce, "Na ba shi."

Aka shafa fatiha. Da jama'a suka fara miƙewa ƙafata ta ƙi tashi saboda zaman tabarma, sai ɗan wana ya ratso mutane ya kama hannuna ya ɗaga ni, bai sake ni ba har muka shiga zaure.